Yusha'u Mai Kwana-kwana da Shamuwar Filin Jirgi

Malam Yusha'u ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar kwana-kwana a wani ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari, tsakanin Kawo da Rigachikun, bai taɓa kashe wutar jirgi ko sau ɗaya ba. Maƙwabcina ne a Rafin Guza, katanga ce kawai tsakaninmu. Mutanen layinmu kan zolaye shi, su ce gwamnati na ciyar da shi don ya zauna a inuwar dalbejiya. Ba ya musu. Yakan ce aikinsa irin na likkafani ne, a ajiye shi a adaka ana fatan kada ranarsa ta zo da wuri.

Mutumin ƙasar Malumfashi ne. Ya shigo Kaduna a 1988 yana tuƙa tifa, yana kai tsakuwa lokacin da ake sake shimfiɗa kwalta a titin jirgin. Da aikin ya ƙare sai aka ce ana neman direban da zai riƙe wata jar mota da aka kawo sabuwa. Ya ba da sunansa, aka tura shi kwas na wata uku, ya dawo da hular ƙarfe da takalmin roba har gwiwa. A shekarar ya auri Hansai, suka kama ɗaki a Rafin Guza tun ana ce wa wurin daji.

Filin ya girme shi. Tsofaffin da ya tarar sun faɗa masa Turawa ne suka share wurin kafin a sami mulkin kai, da jar ƙasa kawai, don jiragen da ke kai wasiƙa da likitoci. Daga baya manajojin masaƙu suka kafa ƙungiyar masu tuƙa jirgi don nishaɗi, ran Asabar su tashi su zaga gari, su dawo su zauna a baranda. Da masaƙun suka mutu, wurin ya koma hannun jiragen feshin tsuntsayen jan-baki da na masu auna ƙasa, da ɗaiɗaikun jiragen haya masu cin mutum shida zuwa takwas. Titi ɗaya ne, daga yamma zuwa gabas, tsawonsa ya ɗan haura kilomita guda. Akwai rumfar kwano mai ɗaukar jirgi huɗu, da tankin mai, da hasumiya mai hawa biyu inda ake magana da matuƙa ta rediyo. A gefen titin an kafa dogon ƙarfe, an rataya masa jan buhu mai baki biyu da ke nuna inda iska ta dosa. Babu fitilun sauka, don haka da an kira magariba an tashi aiki. Wani makon a ga jirgi goma, wani makon biyu.

Kullum da safe, kafin jirgi ya motsa, Yusha'u kan bi titin da mota a hankali, ƙofa a buɗe, idonsa a ƙasa. Ƙusa ko dutse ko guntun waya, ya tsaya ya ɗauke. Farkon zuwansa, in ya kai ƙarshen gabas ba abin da yake hange sai gonakin dawa da kaɗanya, zomo kawai yake kora. Sannu a hankali gari ya matso. Aka fara da gida ɗaya marar filasta, shekara ta zagayo suka zama goma. Aka yanke wayar shinge a wuri bakwai, masu babur da masu tallan nono suka yi hanya ta tsakiyar titin don kada su zagaya. Bola ta taru ta kudu, aka buɗe wurin yanka kusa da ita, shirwa da hankaka suka sami wurin zama.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne cikin masu ginin har da surukinsa. Ɗanjuma, mijin 'yarsa Safiyya, bakanike ne na Keke Napep, ya sami fili daidai bakin titin ta gabas, taku arba'in daga shinge. Ranar da Yusha'u ya ji an fara haƙa harsashin gini, da ya tashi aiki ya taka ya same shi.

"Ɗanjuma, wurin nan ba na zama ba ne. Jirgin da ya kasa tashi, nan yake tahowa."

Ɗanjuma ya russuna, kansa a ƙasa. "Baba, shekara nawa kuna wurin nan. An taɓa yi?"

"Ba a taɓa ba."

"To, Allah zai ci gaba da tsarewa. Mai unguwa ma ya sa hannu a takardar."

Yusha'u bai ƙara ba, don magana da suruki ba ta son maimaici. Ranar tarewa ya je ya yi musu addu'a. Bayan shekara biyu aka buɗe Islamiyya a jikin gidan, jikokinsa biyu, Nafisa da Fiddausi, suka shiga.

Shekararsa ta ƙarshe a aiki aka turo sabon manaja, ma'aikacin ofis mazaunin Unguwar Sarki, mutum mai fara'a wanda bai taɓa aiki kusa da jirgi ba. Ya zo ana dab da faɗuwar damina, ya tarar da ciyawar bara tsaye har gwiwa a ɓangarorin titin biyu, ya ce a aske ta ƙasa, a ƙone ragowar. Yusha'u ya shiga ofis ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ciyawar nan da gangan ake barinta."

"Da gangan? Malam Yusha'u, ran Litinin baƙi za su zo duba wuri. Su tarar da mu cikin daji?"

"Shamuwa ba ta sauka cikin doguwar ciyawa, don ba ta ganin abin da ke tunkaro ta. In an aske, an shimfiɗa mata tabarma ke nan."

Manaja ya yi murmushi. "A rubuto mini a takarda, zan duba."

Malam Sharhabil mai magana da jirage a hasumiya shi ya rubuta masa takardar, kamar yadda ya saba, ya ajiye kwafi a durowarsa. Ta bakwai ke nan cikin shekara huɗu. Ciyawa kuwa aka aske, aka cinna wa ragowar wuta. Baƙi suka zo suka yaba da tsafta.

Kwana tara bayan haka aka yi ruwan fari. Da gari ya waye gina ta fito daga suri, ta cika filin da fuka-fukai, sabon tsiro kuma ya fara huda toka. Yusha'u ya fito bin titi ya ƙirga shamuwa goma sha biyar suna kiwo a gefen kwalta. Washegari sittin. Kwana na uku ya daina ƙirga.

Ba wanda ke taɓa shamuwa. Ita ke kawo albishir ɗin damina, kuma kowa ya tashi da jin cewa wanda ya kashe ta ba ya wanyewa lafiya. Leburorin filin ko jifa ba sa yi mata. A da akwai wata bindiga mai ƙara kawai da ake korar tsuntsaye da ita, amma an karɓe ta shekarun baya da sha'anin tsaro ya lalace. Abin da ya rage wa Yusha'u shi ne jiniyar motarsa. In ya kunna su tashi, su yi shawagi biyu, su sauka bayansa. Cikin mako guda suka saba da ita, har wasu ba sa tashi, sai dai su taka gefe su ba shi hanya.

Ran Laraba wani jirgin feshi ya sauka da jini da baƙin gashi a ƙafarsa ta hagu. Matuƙin ya ce ya ji wani abu ya buga, bai ga komai ba. Yusha'u ya bi titin ya sami tsuntsuwar, fiffike ɗaya ya rabu da jikinta, ido a buɗe. Ya haƙa rami ya binne ta. Daga nan ya wuce sito, shi da Ɗayyabu abokin aikinsa, wanda shi ma furfura ta fara cin gemunsa, suka juya jarkokin kumfar kashe wutar mai suka karanta kwanan watan da ke jiki. Shekara shida ke nan da lokacinta ya wuce. Ɗayyabu ya mayar da marfin, ya goge hannunsa a wando. Suka ja ƙofar siton suka fito.

A gida Hansai ta lura tuwonsa na dawowa da saura.

"Malam, ko jikin ne?"

"Jiki lafiya. Yaran nan nike tunani."

Ran Juma'a bayan an sauko ya biya gidan Safiyya. Ta shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Suna gaisawa wani jirgi ya tashi ta kansu, inuwarsa ta ratsa tsakar gidan, kwanon rufi ya yi kakkarwa. Safiyya ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ki ba mu Nafisa da Fiddausi su yi mana wata guda," in ji shi. "Uwarki na kewarsu."

"Baba, jarrabawa suke a Islamiyya. Saura mako biyu. Da an gama ni da kaina zan kawo su."

Ya dubi katangar gidan ta yamma, wadda bulo ɗaya ne kaurinta, ya ce Allah Ya kai mu.

Washegari Asabar, ba makarantar boko, Islamiyya ta cika tun ƙarfe takwas. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Jirgi ɗaya ne a tsarin ranar, mai inji ɗaya, zai kai injiniyoyi uku Gusau saboda hanyar mota ba ta biyuwa. Matuƙinsa Kyaftin Hamisu ne, dattijo mai natsuwa, wanda ya shekara goma sha biyu yana sauka a filin, ba ya wuce Yusha'u bai tsaya sun gaisa ba.

Wajen ƙarfe goma jirgin ya fito ya tsaya a bakin titi ta yamma. Jan buhun ya miƙe sosai, iska daga gabas take, don haka ta gabas zai tashi, ta kan gidaje. Yusha'u ya bi titin da jiniya. Shamuwa suka tashi, amma maimakon su yi kudu wajen bola sai suka faɗa wani kwari da ke tsakanin ƙarshen kwalta da shinge, inda ruwa ya kwanta. Ya ɗauki rediyo.

"Malam Sharhabil, a riƙe shi. Sun shiga kwarin ƙarshen titi, mota ba ta shiga wurin."

Aka riƙe shi minti ashirin. Ɗayyabu ya sauka da ƙafa yana tafi yana kaɗa riga, taɓo na kama takalminsa. Wasu suka tashi, wasu suka matsa gaba. Can gabas hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin, gindinsa a ƙasa. In ya iso, tafiya ta fasu sai gobe. Sai ga muryar Kyaftin Hamisu a rediyo.

"Baba Yusha'u, ka ƙara bi sau ɗaya. In ka kauce zan taho."

Ba hurumin mai kwana-kwana ba ne ya hana jirgi tashi, shawara ta matuƙi ce. Yusha'u ya sake bi har inda kwalta ta ƙare, ya bar jiniya tana kuka. Garke guda ya tashi ya yi kudu. Ya leƙa kwarin bai ga motsi ba. Ya ja motar gefe, ya ce a rediyo waɗanda ya gani sun tafi, waɗanda bai gani ba kuma bai sani ba.

Jirgin ya taho. Ya wuce tsakiyar titi, hancinsa ya ɗaga, ƙafafunsa suka bar ƙasa. A lokacin ne ƙarar inji ta tayar da waɗanda suka kwanta cikin kwarin. Yusha'u ya ce mini sun fi talatin, sun miƙe a tare kamar an ɗaga baƙin bargo. Ya ji bugu biyu a jere. Gashi ya watsu a iska, injin ya yi tari, ya yi shiru.

Shirun ne ya fi komai tsayawa a ransa, don a cikinsa ya jiyo karatun yaran Islamiyya sarai.

Kyaftin Hamisu bai yi ƙoƙarin haye gidajen ba. Ya danna hancin jirgin ƙasa, ya buga shi cikin kwarin da gangan. Ƙafar gaba ta karye, jirgin ya ja ciki cikin taɓo, ya keta shinge, ya juya gefe, ya tsaya. Tsakanin bakin fiffikensa da katangar Islamiyya mutum biyu ba za su jera su wuce ba.

Yusha'u ya taka mota. Ta bar kwalta da taku talatin sai ta nutse har ciki. Ya bar wa Ɗayyabu jan tiyo, shi ya ruga da ƙafa. Tun kafin ya isa warin mai ya tare shi. Fiffiken hagu ya tsage, mai na zuba kamar an buɗe famfo, yana gangarawa cikin lambatun layin, yana tafiya a saman ruwan sama. Jama'a sun fara fitowa, wasu da wayoyi a ɗage. Ya bi lambatun da ido. A kwanar layin, bai fi taku ashirin ba, wata mata da ake kira Ladidi tana suyar awara a bakin lambatun, wutar itace na ci a murhunta. Ta miƙe tana kallon jirgin, matsami a hannu.

Bai tsaya wajen jirgin ba, ya wuce shi. Ya isa murhun ya kama kaskon da hannu biyu, da man suya yana tafasa a ciki, ya jefar da shi bayan wata katanga. Ya zaro itacen ya dulmiya su a taɓo, ya dinga tura jiƙaƙƙiyar ƙasa da takalmi a kan garwashin har hayaƙi ya daina fita. Da ya waiwaya, kan man ya iso daidai ƙafarsa, yana sheƙi shuɗi-shuɗi a kan ruwa.

"Kowa ya koma baya," ya ce. "Kada wanda ya tada babur. Malamai, ku fitar da yara ta ƙofar baya."

Ɗayyabu ya iso da tiyo, da ƙyar ya kai. Kumfar ta fito tsararo kamar ruwan wanki, ba ta rufe komai ba. Suka yar da shi, suka sa mazan layin suka datse lambatun da ƙasa. Injiniyoyin uku suka fito da ƙafarsu, ɗaya da jini a goshi. Kyaftin Hamisu sai da aka ɓalle ƙofa aka ciro shi, ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Ana ɗaukarsa aka kece da ruwa.

Safiyya na tsaye a ƙofar gidanta cikin ruwan, ta riƙe yaranta biyu. Yusha'u ya gan su, ya ƙirga su da ido, ya ci gaba da aikinsa. Sai da motar asibiti ta tafi Sharhabil ya ce masa ya dubi hannunsa. Fatar tafukan biyu ta saluɓe.

Kwamiti ya zo ya yi kwana uku. Suka tambayi dalilin da ya sa motar kwana-kwana ta kafe, da dalilin da ya sa kumfa ba ta yi aiki ba. Sharhabil ya buɗe durowa ya jera musu kwafin takardu bakwai. Ba a hukunta kowa ba. Aka mayar da manaja wani ofis, aka zo da jan fenti aka yi wa gida sittin da uku alama, har da na Ɗanjuma da Islamiyya, aka ba su kwana ashirin da ɗaya su tashi. Kwanakin suka cika ba wanda ya zo. Wasu suka shafe alamar da farar ƙasa, wasu suka bar wa damina ta wanke. Bayan mako bakwai aka sake buɗe filin. Aka ja gawar jirgin bayan rumfa aka lulluɓe da tamfol, aka kawo sabuwar kumfa jarka huɗu, aka ɗinke shinge. Kyaftin Hamisu ya warke, amma ya aiko da cewa ba zai ƙara sauka a wurin ba.

Yusha'u ya ajiye aiki a watan ɗaya na shekarar da ta biyo. Yatsunsa ba sa dunƙulewa gaba ɗaya, Hansai ke ɓalle masa maɓallin riga. Nafisa da Fiddausi suna wurinsu tun ranar da abin ya faru, Safiyya da kanta ta kawo su da yamma da kayansu a buhu. Ita dai tana can da mijinta, ta ƙara haihuwa.

Watan jiya Malam Sharhabil ya kawo masa ziyara bayan la'asar, ina zaune a wurin. Aka gaisa, aka taɓa hirar tsadar masara. Da ya tashi tafiya sai ya tsaya yana juya makullin babur a hannu.

"Baba, an ba wani kamfani izinin buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi a wurinmu. Ƙananan jirage huɗu, ɗalibai ashirin."

"Masu koyo?"

"Masu koyo. Su tashi su zago su sauka, su sake tashi. An ce a wuni za a yi kamar sau talatin."

"Yaushe za su fara?"

"Watan biyar, da faɗuwar damina."

Yusha'u ya dubi hannuwansa. Can ya ce, "Wa ke kan motar yanzu?"

"Ɗayyabu ne, shi kaɗai. Ba a ba shi na biyu ba tukuna."

Ya raka shi bakin layi ya dawo. Washegari da safe na gan shi a tashar Kawo yana jiran motar Rigachikun. Ya ce mini an kwatanta masa wani gidan haya can bayan kasuwa, ciki da falo, da fili a gaba inda bakanike zai iya kafa rumfa. Ya je ya gani, ya dawo ya aika wa Ɗanjuma kwatance. Har yau Ɗanjuma bai je ya duba ba.